Tambaya da Amsa: Fayil ya ƙi shiga filash, toren ya tsaya a kashi 99, foldodi sun ɓace

Saƙonnin da suka iso mana a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru: ɗaukar fayil daga wuri zuwa wuri, da abin da ke samunsa a hanya. Mun zaɓi bakwai daga ciki. Inda muka rubuta sunan maɓalli ko umarni da Turanci, mun bar shi ne yadda zai fito a fuskar kwamfuta, don mai nema ya gane shi.

Assalamu alaikum. Ina da filash mai gigabait 32, babu komai a cikinsa. Na zo kwafe bidiyo mai gigabait 6 daga kwamfuta, sai ta ce fayil ɗin ya yi wa wurin girma. Filash ɗin ne ya lalace?
*Daga wani mai ɗaukar bidiyo*

Wa alaikumus salam, Malam. Filash ɗinka lafiyarsa ƙalau. Abin da ya tare ka shi ne tsarin da aka yi masa fomat da shi, wato FAT32. Tsoho ne, tun 1996 yake aiki, kuma yana rubuta girman kowane fayil ne da lamba mai bit 32. Iyakar abin da wannan lambar za ta iya ɗauka shi ne bait 4,294,967,295, wato gigabait 4 ba bait ɗaya. Ko da filash ɗin ya kai gigabait 500, muddin FAT32 ne a kansa, fayil guda ba zai wuce wannan iyakar ba. Shi ya sa kyamarori da yawa suke yanyanka doguwar ɗauka gida-gida da kansu.

Ka fara tabbatarwa. Danna filash ɗin da maɓallin dama na mawus, ka zaɓi "Properties", ka duba layin "File system". In FAT32 ka gani, kwashe duk abin da ke ciki zuwa kwamfuta, ka sake danna dama, ka zaɓi "Format", ka mayar da tsarin zuwa exFAT, sannan "Start". Fomat yana share komai, don haka kwashewar nan ba zaɓi ba ce.

Mun ce exFAT ne saboda shi Windows da Mac da sababbin wayoyin Android duk suna karanta shi suna kuma rubutu a kansa. Microsoft ta fitar da shi a 2006 musamman domin irin waɗannan ma'ajiyoyi. NTFS ma ba shi da wannan iyakar, amma Mac karanta shi kawai take yi, ba ta rubutu a kai sai da ƙarin manhaja. Wanda ba ya son kwashe kayansa, yana iya buɗe Command Prompt ya rubuta `convert E: /fs:ntfs`, inda E yake madadin harafin filash ɗinsa. Wannan yana sauya tsarin ba tare da ya share komai ba, sai dai ba a dawowa baya sai da fomat.

Akwai inda za ka yi hattara. Tsofaffin talabijin da rediyon mota da wasu na'urorin buga takarda FAT32 kaɗai suka sani. In ɗaukar fayil ɗin kawai kake so ka yi zuwa wata kwamfutar, manhajar 7-Zip za ta raba shi: a wurin "Split to volumes" ka zaɓi 4092M, za ta ba ka fayiloli masu ƙarewa da .001 da .002, a can kuma ka buɗe na farkon ta haɗe su. In kuwa talabijin ɗin ce za ta kunna shi, wannan rabon ba zai yi ba. Sai ka yanka bidiyon kansa biyu da manhaja irin Avidemux ko LosslessCut, waɗanda suke yanka ba tare da sun rage kyan hoto ba.

An sayar mini da layin intanet mai gudun 20, amma in ina sauke abu ban taɓa ganin ya wuce 2.4 ba. Cutata ake yi?
*Daga wata ma'aikaciyar ofis*

Malama, ba a cuce ki ba, ma'auni biyu ne suka haɗu. Kamfanonin intanet da megabit suke awo, ana rubuta shi Mbps da ƙaramin b. Burauza da manhajar saukewa kuma da megabait suke nunawa, MB/s da babban B. Bit takwas ne suke yin bait ɗaya. Ki raba 20 gida takwas, za ki samu 2.5. In aka cire ɗan abin da adireshi da bayanan kula da hanya suke cinyewa a kowane ƙunshi, 2.4 ɗin da kike gani shi ne layin yana gudu iya ƙarfinsa.

Da wannan lissafin za ki san tsawon jira tun kafin ki fara. Gigabait ɗaya megabit 8,000 ne. A layi mai 20, daƙiƙa 400 ke nan, minti shida da daƙiƙa arba'in. Ranar da kika ga gudun ya faɗo ƙasa da rabin haka, sai ki bincika. Ki haɗa kwamfutar da rauta ta kebul ki sake gwadawa. In ya gyaru, laifin na wayifai ne: ko nisa, ko bango, ko cunkoso a zangon 2.4 GHz, wanda maganinsa komawa zangon 5 GHz in rautar tana da shi. In bai gyaru ba, ki gwada saukewa daga wani shafin dabam, domin uwar garke, wato kwamfutar da ke ajiye da fayil ɗin, ita ma tana iya taƙaita gudu. Gudun ɗorawa kuwa dabam yake, kuma a yawancin layuka ya fi na saukewa ƙanƙanta sosai.

Na sayi memori da aka rubuta 512 a jikinsa. Kwamfuta ma 512 ɗin take nunawa kusan. Na zuba hotuna da bidiyo, sunayensu duk suna nan, amma da yawa ba sa buɗewa. Na yi fomat sau biyu, abin bai canja ba.
*Daga wani ɗalibi*

Ɗan'uwa, alamun da ka lissafa alamun memorin jabu ne, kuma fomat ba ya maganinsa. Amma bari mu fara ware wani abu da mutane kan rikita da wannan. Ma'ajiya ta gaskiya ma takan nuna ƙasa da abin da aka rubuta a jikinta: mai gigabait 64 takan nuna 59.6 ko ƙasa kaɗan, mai terabait 1 takan nuna 931. Dalili shi ne masu ƙerawa suna lissafi da dubu-dubu, Windows kuma da 1,024. Wannan ba zamba ba ce.

Jabu dabam yake. A cikin kowane memori ko filash akwai sassa biyu: rumbun da ake zuba bayanai, da wani ɗan ƙaramin sashe mai aikin magatakarda, wanda shi ne yake magana da kwamfuta. Kwamfuta ba ta leƙa rumbun da kanta, abin da magatakardan ya gaya mata shi take ɗauka. 'Yan damfara sukan ɗauki mai gigabait 8 ko 16, su sauya umarnin da ke cikin magatakardan ya riƙa cewa 512 ne. Kana zuba kaya, komai yana tafiya daidai har rumbun gaskiyar ya cika. Daga nan, ko dai sabon abin da ka zuba ya tafi a iska, ko kuma ya koma farko ya hau kan na da ya murƙushe shi. Sunayen fayiloli da girmansu suna zaune ne a wani ɗan jadawali, shi ya sa kake ganinsu cif-cif alhali cikinsu fanko ne.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a cika ma'ajiyar maƙil sannan a karanto abin da aka rubuta. A Windows, manhajar H2testw ce take wannan aikin, kuma kyauta ce. Ka kwashe kayanka, ka yi fomat, ka buɗe ta, ka danna "Select target" ka nuna mata memorin, ka bar zaɓin "all available space", sannan "Write + Verify". Za ta rubuta fayiloli masu gigabait ɗai-ɗai har wurin ya cika, ta dawo ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, ta gaya maka nawa ne suka dawo lafiya, nawa suka salwanta. Adadin da ya dawo lafiya shi ne girman gaskiya. A Linux da Mac akwai F3, da umarninta biyu, f3write da f3read.

Aikin yana cin lokaci. A gudun megabait 10 cikin daƙiƙa, rubuta gigabait 64 kaɗai yana ɗaukar kusan awa biyu. Ga mai 512 ba sai ka jira ƙarshe ba: ka sa ta gwada gigabait 40 na farko, domin yawancin na jabu kafin nan asirinsu ya tonu. In ya tsallake wannan, sai ka bar shi ya kwana yana cikakken gwajin.

Game da hotunanka, gara mu gaya maka gaskiya. Abin da ya tafi a iska ba a taɓa ajiye shi ba, wanda aka hau kansa kuma ya riga ya murƙushe, don haka babu manhajar da za ta dawo da shi, kuma duk wanda ya ce ka biya ya dawo maka da shi kuɗinka zai ci. Waɗanda suke buɗewa yanzu ka kwashe su yau, kada ka ƙara rubuta komai a kai. Akwai hanyar daddatse memorin ya tsaya a girmansa na gaskiya, amma ba mu ba ka shawarar ka ɗora masa abin da kake jin asararsa ba, domin wanda ya yi ƙarya a girma ba zai sa rumbu mai kyau ba. Sabon da za ka saya, ka gwada shi ranar da ka karɓe shi, tun ana iya mayarwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina sauke wani fayil ta toren, ya kai kashi 99 ya tsaya, yau kwana uku. Mene ne dalili? Kuma wani ya ce mini amfani da toren laifi ne a doka. Gaskiya ne?
*Daga wani mai gyaran kwamfuta*

Malam, sai an san yadda abin yake aiki sannan dalilin tsayuwar zai fito fili. Bram Cohen ne ya fitar da tsarin BitTorrent a 2001, shekarar da shari'a ta durƙusar da Napster, wata manhajar musayar waƙoƙi ta intanet. Napster, wanda ya fara a 1999, yana da cibiya guda mai riƙe da jerin abin da kowa yake da shi, ana rufe cibiyar komai ya tsaya. A toren kuwa, ana yanyanka fayil ne gutsure-gutsure masu girma ɗaya, galibi daga kilobait 256 zuwa 'yan megabait, kowa yana karɓa daga wajen kowa yana kuma bayarwa. Ɗan ƙaramin fayil ɗin nan mai ƙarewa da .torrent ba ya ɗauke da kayan. Abin da ke cikinsa sunaye ne, da girma, da lambar tantancewa ta kowane gutsure, da adireshin mai haɗawa, wato uwar garken da ke haɗa masu saukewa da juna. Duk gutsuren da ya iso, manhajarka takan lissafa lambarsa ta gwada da wadda aka rubuta. In ba su zo ɗaya ba, ta jefar ta sake nema.

A ce fayil ɗinka gigabait 2 ne, kowane gutsure megabait ɗaya. Gutsattsari wajen dubu biyu ke nan, kashi ɗayan da ya rage maka kuma kamar guda ashirin. Tambayar ita ce, wa yake da su?

A manhajar qBittorrent akwai layi mai suna "Availability". In lambar da ke wurin ta kai 1 ko ta wuce, akwai cikakken kwafi a tsakanin waɗanda kake haɗe da su. In ka ga 0.990, to duk ku ɗin abu ɗaya kuka rasa. Masu cikakken kwafi, waɗanda manhajar take kira "Seeds", sun rufe sun tafi, saura ku masu jiran juna. Wannan shi ne sanadin da ya fi yawa, kuma babu saitin da zai gyara shi. Ko ka bar shi a buɗe ko wani mai cikakke zai leƙo, ko ka nemi wani toren ɗin na wannan fayil ɗin mai mutane. Ka tabbata DHT da PeX suna kunne a saiti, domin su ne suke nemo mutane ko da mai haɗawar ya mutu. DHT ya shigo tsarin ne a 2005, kuma da shi linkin magnet, wato linkin da ke maye gurbin fayil ɗin .torrent, yake dogara.

In kuwa lambar ta wuce 1 amma abin bai motsa ba, matsalar a wajenka take. Ka danna toren ɗin da dama ka zaɓi "Force recheck", ta sake auna duk abin da ke ƙasa. Sau da yawa za ka tarar manhajar kariya ce ta cafke wani fayil a ciki ta killace shi, ko wata manhajar ta buɗe fayil ɗin ta hana rubutu a kansa, ko wurin ajiya ya cika, ko kuma kana saukewa ne a kan ma'ajiya mai FAT32 ka ci karo da iyakar da muka yi bayani a sama. In gutsure ɗaya yana ta isowa yana faɗuwa a tantancewa, ko wani ne yake turo gurɓatacce, ko ma'ajiyarka ko RAM ɗinka sun fara ciwo.

Sai batun ƙofa. Kowace manhajar toren tana sauraron masu shigowa ta wata lambar ƙofa. Da can daga 6881 zuwa 6889 ake amfani da su, yanzu kowace takan zaɓi tata. In ƙofarka a rufe take, kai kana iya zuwa wajen masu buɗaɗɗiyar ƙofa, amma kai da wani mai rufaffiya da wuya ku haɗu. In mai cikakken kwafin da ya rage irinka ne, kuna iya kwana kuna kallon juna. Kunna saitin nan mai suna UPnP a rauta da manhajar yakan buɗe ta. Amma ka duba adireshin da rautarka ta samu daga kamfani: in ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, kamfanin ya haɗa ku da yawa a bayan adireshi ɗaya, kuma buɗe ƙofa daga gidanka ba zai yi aiki ba. Layukan waya galibi haka suke.

Mai amfani da data ƙidayayya ya sani cewa toren yana ci ta fuska biyu, kana saukewa kana ɗorawa, kuma ba ya daina ɗorawa don ka gama. Ka sa masa iyaka a saiti. Ko a layin da ba a ƙidaya, ka tsayar da ɗorawa a wajen kashi 80 na ƙarfin layin, domin in ta cika maƙil, 'yan saƙonnin da kwamfutarka take mayarwa na cewa kaya sun iso sukan maƙale, saukewar ma ta ja baya.

Batun doka kuma, toren hanya ce ta ɗaukar kaya, ita kanta ba laifi ba ce. Ubuntu da Debian da LibreOffice da Internet Archive duk suna raba kayansu ta nan, don rage wa uwar garkensu nauyi. Laifin yana ga abin da aka ɗauko. Fim ko littafi ko manhajar da mai ita bai yarda a raba ba, saukewa cin haƙƙinsa ne, kuma a toren abin ya fi nauyi, domin kana saukewa kana raba wa wasu a lokaci guda. Adireshin IP ɗinka kuma a bayyane yake ga duk wanda ya shiga wannan toren ɗin, har da masu sa ido a madadin masu haƙƙi. Mu a ganinmu, ko babu mai kama ka, gumin mai kayan ne ka ɗauka ba da izninsa ba. Ta fuskar tsaro ma, a irin waɗannan kayan ake ɓoye cuta. Duk fim ɗin da ya zo da ƙarshen .exe ko .scr ko .lnk, ko ya zo a ƙulle ana cewa ka je wani shafi ka karɓo kalmar sirri, ba fim ba ne, share shi.

Na sa filash ɗina a wata kwamfutar, da na dawo duk foldodina sun koma masu 'yar kibiya a jiki. Wurin yana nuna a cike yake, amma ban ga kayana ba.
*Daga wata malamar makaranta*

Malama, kwantar da hankalinki, kayanki suna nan, ɓoye su aka yi. Bairos ɗin yakan sa wa foldodin gaskiya alamar ɓoyewa, sannan ya ƙirƙiri gajerun hanyoyi masu suna da kama iri ɗaya. Kina danna ɗaya, sai ya fara kunna kansa a kwamfutar, sannan ya buɗe miki foldar don kada ki yi zargi. Wannan dabarar ta yawaita ne bayan da Windows ta daina kunna abin da ke cikin filash da kanta, tun daga Windows 7.

Kada ki danna ko ɗaya. In kin riga kin danna, kwamfutar ce za a fara wankewa, in ba haka ba kina gyara filash ɗin tana sake ɓata shi. Ki buɗe Task Manager, in kin ga wscript.exe yana gudu alhali ba ke kika kunna shi ba, ki tsayar da shi. Ki danna maɓallin Windows da R, ki rubuta `shell:startup`, ki share duk baƙon fayil mai ƙarewa da .vbs ko .js ko .lnk da ba ki san shi ba. Sannan ki shiga Windows Security ki zaɓi binciken "Microsoft Defender Offline". Kwamfutar za ta mutu ta tashi ta yi bincike kafin bairos ɗin ya farka.

Bayan nan ki sa filash ɗin, ki duba harafinsa, a ce E ne. Ki buɗe Command Prompt ki rubuta:

`attrib -h -r -s /s /d E:\*.*`

Haruffan uku na farko suna cire alamar ɓoyewa, da ta hana gyara, da ta cewa fayil ɗin na tsarin kwamfuta ne. Biyun ƙarshe suna sa umarnin ya ratsa har cikin ƙananan foldodi. Ki kula sosai da harafin, kada ki rubuta C. Foldodinki za su bayyana, wani lokaci a cikin wata folda marar suna. Sai ki rubuta `del E:\*.lnk` don share na bogin, ki share autorun.inf da duk wani .vbs, ki kwashe kayanki, ki yi wa filash ɗin fomat. Daga yau kuma ki kunna "File name extensions" a File Explorer, don ki riƙa ganin ƙarshen sunan kowane fayil.

Ina so in tura wa abokan aikina takardu da hotuna masu gigabait ɗaya da rabi. Imel ya ƙi, WhatsApp kuma yana dusashe hotunan.
*Daga wani akawu*

Malam, Gmail ba ya ɗaukar maƙalallen fayil da ya wuce megabait 25. Imel kuma yakan mayar da kowane bait uku zuwa haruffa huɗu kafin ya tura, wato kaya suna ƙaruwa da kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa fayil mai 20 yakan dawo in akwatin mai karɓa ƙarami ne.

WhatsApp yana matse hoto ne in ka tura shi a matsayin hoto. Ka zaɓi "Document" maimakon haka, zai tafi yadda yake, har zuwa gigabait 2 a fayil guda. Telegram ma gigabait 2 ne, masu biya kuma 4. Sai dai hoton da ya tafi yadda yake yana tafiya da bayanan da ke binne a cikinsa, har da inda aka ɗauke shi in wayar tana rubuta wuri. A Windows ana cire su ta "Properties", sannan "Details", sannan "Remove Properties and Personal Information".

Ga mutane da yawa, ya fi sauƙi ka ɗora sau ɗaya a Google Drive, wanda yake ba da gigabait 15 kyauta, haɗe da abin da Gmail da Photos suka ci. Inda ake yawan kuskure shi ne izni. "Anyone with the link" yana nufin duk wanda linkin ya faɗa hannunsa zai buɗe, ko da tura masa aka yi bisa kuskure. Takardun aiki ka bar su a "Restricted", ka rubuta imel ɗin kowa, ka ba su "Viewer" sai wanda lallai zai yi gyara. In akwai lissafin kuɗi ko bayanan mutane a ciki, ka fara ƙulle su da 7-Zip: tsarin 7z, kalmar sirri doguwa, tsarin ƙullewa na AES-256, ka kuma sa alama a "Encrypt file names". Kalmar sirrin ka faɗe ta ta wata hanyar dabam, ba cikin saƙon da ke ɗauke da linkin ba.

In kuna ɗaki ɗaya, ba ka bukatar intanet. Bulutut gudunsa bai wuce megabit 2 ba a aikace, gigabait ɗaya da rabi zai ci fiye da awa ɗaya da rabi. Manhajojin tura fayil irin su Quick Share da AirDrop da LocalSend ta wayifai suke bi, cikin 'yan mintoci sun gama.

Na sauke fayil ɗin ISO mai gigabait 5, ya katse sau biyu a hanya, yanzu girkawa tana tsayawa a tsakiya. Ta yaya zan san ko fayil ɗin ne ya lalace?
*Daga wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta*

Girman fayil ɗin ISO, wato kwafin faifan girka tsarin kwamfuta, ba ya isa shaida, domin yana iya cika cif amma wani wuri a cikinsa ya gurɓace. Shafin da ka sauke daga gare shi yakan wallafa lambar tantancewa ta SHA-256, jerin haruffa da lambobi 64. A Windows ka shiga foldar ta Command Prompt ka rubuta `certutil -hashfile suna.iso SHA256`, inda suna.iso yake madadin sunan fayil ɗinka. A Linux `sha256sum suna.iso`, a Mac `shasum -a 256 suna.iso`. Ka gwada abin da ya fito da wanda aka wallafa. Bit ɗaya in ya sauya, lambar gaba ɗayanta takan birkice, don haka bambancin ba ya ɓuya. In an ba ka zaɓi, ka guji tsofaffin hanyoyin tantancewa, MD5 da SHA-1: an nuna raunin na farkon tun 2004, na biyun kuma a 2017 masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Holan suka samar da fayiloli biyu mabambanta masu lamba ɗaya. Ka kuma lura, lambar tana tabbatar da cewa abin da shafin ya bayar shi ne ya iso. In shafin kansa na bogi ne, lambarsa ma ta bogi ce.

Ci gaba bayan katsewa ya dogara ne da uwar garke. Manhajarka takan ce a ba ta daga bait kaza zuwa ƙarshe. In uwar garken ta yarda, ta amsa da lamba 206, a ɗora daga inda aka tsaya. In ba ta yarda ba, daga sifili za a faro. Ga babban fayil a layin da ke yawan yankewa, `wget -c` ko `curl -C - -O` tare da linkin sun fi burauza riƙo.

In lambobin ba su zo ɗaya ba, kada ka yi saurin sharewa. Ka duba ko masu fayil ɗin sun wallafa toren ɗinsa, kamar yadda yawancin masu Linux suke yi. Ka buɗe toren ɗin, ka nuna masa foldar da lalataccen yake, ka tabbata sunan fayil ɗin daidai yake da wanda toren ɗin yake nema, ka tsayar da shi, sannan "Force recheck". Zai auna gutsure-gutsure, ya riƙe masu kyau, ya sauko da waɗanda suka ɓaci kaɗai, wataƙila 'yan megabait maimakon gigabait 5. In kuwa lambobin sun zo ɗaya, fayil ɗin lafiya yake, sai ka juya kan filash ɗin da ka rubuta shi a kai: ka gwada shi da H2testw, ka sake rubutawa, ka kuma canja ramin USB ɗin da kake sa shi.